Wufar Ɗakin Amarya: A Duba Wuta Kafin A Sayi Ƙara

Da zarar shinkafar Tudun Wada da masarar Doguwa sun shiga buhu, sai kakar bukukuwa ta buɗe a kudancin Kano. A kayan ɗakin amarya kuwa, bayan gado da kujeru da labule, wani baƙo ya samu wurin zama: talabijin, dikoda, da tarin sifikun nan da 'yan kasuwa ke kira hom tiyata, jama'a kuma suke ce wa wufa. Daga Kwanar Ɗangora zuwa Bebeji, har ƙauyukan da ke gefen dajin Ɗansoshiya a ƙaramar hukumar Kiru, ba abin mamaki ba ne a ga kwalinta a saman motar 'yan jere.

Matsalar tana wajen zaɓe. Uban amarya ya shiga kasuwar Sabon Gari a birni, mai shago ya murɗa masa ƙara har ƙirjinsa na rawa, ya nuna masa kwali da aka rubuta wat 5,000 da manyan baƙaƙe, shi ke nan ciniki ya faɗa. Bayan wata uku kuma sai ka tarar da akwatin a teburin mai gyara, ko yana ɗaki yana ruri amma ba a fahimtar abin da ɗan wasa yake faɗa. A ganin mai wannan rubutu, kuɗin da ake zubawa a girman akwati ya fi cancanta a kashe shi a kan kariyar wuta da haɗi mai kyau.

A fara da lambar nan ta jikin kwali. Yawanci ana biyo ta da haruffan PMPO, wato ƙarfin da na'ura za ta iya tunkuɗowa na ƙiftawar ido, kuma babu wata ƙa'ida ɗaya da ta ɗaure kamfanoni wajen lissafa shi. Ma'aunin da ake dogara da shi shi ne RMS. Wanda bai ga an rubuta shi ba, sai ya juya bayan amfilifaya ya karanta yawan wutar da take ja. Na'urar da ke shan wat 60 daga soket ba ta da inda za ta samo wat 5,000 ta riƙa bai wa sifika. Akwai kuma abin da mai shago ba zai faɗa ba: ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, sai an ninka shi kusan sau goma kunne yake jin ƙara ta ninka.

Sai wuta, wadda ita ce uwar matsalar a wannan yanki. Madatsar ruwa ta Tiga, da aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, tana nan a Bebeji, amma mazauna karkara sun san yadda wutar Nepa take zuwa: yau ta yi ƙasa har fanka ta kasa juyawa, gobe ta dawo da ƙarfin da zai fasa ƙwai. Ma'aunin wutar Najeriya bolt 230 ne. Amfilifayoyi da yawa na gwanjo, irin su Yamaha da Denon da Onkyo da aka ƙera domin kasuwar Amurka, bolt 120 suke ɗauka. Kaya ne masu kyau, kuma sau da yawa sun fi sababbin da ake tallatawa inganci, amma a cusa fulogin ɗayansu a bango babu taransifomar rage wuta, idan an yi sa'a fis ne zai tsinke, idan ba a yi ba sai a ji ƙauri. Karanta rubutun da ke kusa da wayar wuta ba ya ɗaukar minti ɗaya.

Ko da na'urar ta bolt 230 ce, sitabilaiza wajibi ce. Mai janareta ya bari injin ya daidaita kafin ya kunna kaya, ya kuma kashe su kafin mai ya ƙare, domin lokacin da inji yake tari ne wuta take hawa da sauka. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gidaje da dama sun koma sola, nan ma akwai lissafi. Batir mai bolt 12 da am 100 yana riƙe wutar da za ta ba da wat 1,200 na awa ɗaya, kuma irin mai ruwan asid ba a son a zuƙe fiye da rabinsa. Idan talabijin da dikoda da amfilifaya suna jan wat 150 a haɗe, kallon awa huɗu ke nan, ƙasa da haka ma idan aka cire abin da inbata ke ci. Inbata mai araha, wadda wutarta ba ta fita sumul, ita ce take sa sifika gunji ko da an rage ƙara. Da damina kuma, a yankin da ya fi arewacin jihar samun ruwa, idan hadari ya taso da tsawa a zare fulogi, a zare wayar dish ma, don ta nan tsawa kan bi ta shigo.

Haɗin sifika shi ne inda masu gidajen kallon ƙwallo suka fi yi wa kansu ɓarna. A bayan kowace sifika akwai lamba, om 4 ko 6 ko 8, amfilifaya ma tana da iyakar da za ta iya ɗauka. Idan aka murɗe wayoyin sifika biyu masu om 8 a baki ɗaya, sun zama om 4. Aka yi huɗu, sun zama om 2. Duk lokacin da lambar ta sauka, amfilifaya tana ƙara jan wuta tana ƙara zafi, har ta kashe kanta ko ta ƙone. Mai gidan kallo da yake son kowane benci ya ji sharhi sai ya yi ta ƙara sifika a layi ɗaya, ana tsakiyar wasa sauti ya ɗauke, a ce kayan ne jabu. Haka nan ja da baƙi: jar waya ta tafi jan baki, baƙa ta tafi baƙi, a kowace sifika. Idan aka juya ɗaya, sifikun biyu za su riƙa turin iska a saɓanin juna, ganga ta yi laushi, murya ta rasa inda ta tsaya. Silin waya ɗaya da ya fito ya taɓa ɗan uwansa kuma ya isa ya kashe na'ura.

Haɗa sauran kaya ba shi da wahala. Dikodar DStv ko GOtv ko StarTimes ta shiga amfilifaya ta wayar HDMI, waya ɗaya ta fita zuwa talabijin, ko a yi amfani da bakin da aka rubuta ARC idan duka biyun suna da shi. Bluetooth ya yi wa karatu da waƙa daidai, amma a fim yakan sa magana ta biyo bayan motsin baki.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, me ake kallo? Tsarin 5.1 yana nufin akwati ɗaya mai fitar da ganga, da sifika biyar: ɗaya a tsakiya ƙarƙashin talabijin don magana, biyu a hagu da dama, biyu a gefe ɗan baya kaɗan da mai kallo. An tsara shi ne domin finafinan da aka naɗi sautinsu hanya shida. Mafi yawan abin da ake ji a gidajen Kiru da Doguwa kuwa, finafinan Kannywood da aka tura a memori, shirye-shirye irin su Daɗin Kowa na tashar Arewa24, tafsirin azumi da labarai, sautinsu hanya biyu ne, wani ma ɗaya. Sifika biyu masu kyau, a daidai tsayin kunnen wanda ke zaune, da tazara a tsakaninsu, za su fitar da wannan fiye da ƙananan sifiku biyar da aka jera kan kanta ɗaya kamar kwanukan jere. Ɗaki mai daɓen siminti da rufin kwano yana amsa kuwwa, shi ya sa kafet da labule da kujerun da amarya ta zo da su suke gyara sauti ba tare da an ƙara ko sisi ba. Sai dai a bar wa amfilifaya iska. Al'adar lulluɓe ta da ƙyalle mai ado saboda ƙurar hunturu tana toshe ramukan da zafi ke fita. A rufe ta bayan an kashe, a buɗe ta idan za a kunna.

Saura kunne, wanda babu mai gyaransa a Sabon Gari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin raunin ji saboda sauraren ƙara mai yawa. A lissafinta, babba zai iya jure desibel 80 na awa 40 a mako, amma a desibel 90 lokacin ya ragu zuwa awa 4. Yaron da yake zama gaban sifika a gidan kallo ranar Asabar da Lahadi, wasa biyu ko uku a jere, yana iya cinye wannan rabo tun kafin Litinin. Jaririn da ke kwance a ɗakin da wufa take bugawa ba shi da bakin cewa a rage. Maƙwabci mai jinya da mai son yin barci bayan Isha'i su ma suna da haƙƙi.

Masu gidajen kallo a Tiga da Kiru da Riruwai suna da hanyar gwada wannan ba tare da na'ura ba. A ɗaga sifiku sama da kan mutane, a karkato su ƙasa su fuskanci tsakiyar rumfa, kada a ajiye su a kunnen 'yan bencin gaba. Sannan mai gida ya zauna a bencin farko ana cikin wasa, ya yi wa wanda ke kamu ɗaya da shi magana. Idan sai ya ɗaga murya kafin a ji shi, to ya tashi ya rage.