Kimiyyar Da Ta Tsaya A Allo Ba Ta Ceton Rai

'Yan uwa matasa, yau a kan darasin kimiyya a makarantunmu zan yi magana, domin ni a wurina shi ma siyasa ne.

Ku tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma, yara suka dinga jijjiga suna mutuwa, aka ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Sai da likitocin MSF suka sa aka gwada jini aka gano gubar dalma ce. Mutane na kawo dutsen zinare cikin gida suna niƙawa, ƙurar na sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara aƙalla 400 suka rasu. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi.

To jama'a, ɗalibin sakandare nawa ne a yankunan nan ya haddace cewa alamar dalma Pb ce, don ya ci WAEC ko NECO? Amma wa ya koya masa cewa dalmar nan tana cikin ƙurar da ƙaninsa ke wasa a ciki, kuma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro har abada? Da an koya masa, da ya iya faɗa wa mahaifinsa cikin ladabi: Baba, a daina niƙa a gida, a jiƙa dutsen don rage ƙura, a yi wanka a canza kaya kafin a shigo wurin yara. Ba a hana kowa neman abincinsa ba, amma an tsare rai.

Akwai kuma darasi na biyu. An yi alkawarin kuɗin tsaftace Bagega, kuɗi suka maƙale wata da watanni. Matasa irin su Hamzat Lawal suka tashi da gangami a intanet, ɗauke da hujja da alƙaluma, ba zagi ba, har gwamnatin tarayya ta saki kuɗin a farkon 2013. Wanda ya san abin da yake faɗa, da wuya a share shi.

Saboda haka abin da nake so mu nema ke nan. Kowane zango ɗalibai su ɗauki matsala ɗaya ta unguwarsu, ko rijiyar da ke kusa da masai, ko kwatar da ke tara sauro. Su auna, su rubuta, su kai sakamakon gaban mai unguwa, kwamitin makaranta da kansila. A horar da malamai a kan haka, a ba su kayan gwaji, domin alli kaɗai ba ya gwada ruwa.

Mu kuma da ke yawon kamfen, duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, namu ne ko na wasu, mu tambaye shi: nawa za ka ware wa ɗakin gwaje-gwaje da malaman kimiyya? In ya fara kame-kame, kun samu amsa.

Allah Ya jiƙan yaran da muka rasa, Ya ba mu ilimi mai amfani.