Kafin a ce "sai an formate", a tambayi abin da ke ciki

A watan Afrilu, tsakiyar zafin bazara, kwamfutar ofishin makarantarmu ta mutu. An ɗauke wuta, an kawo, an sake ɗaukewa, da aka kawo ta uku sai muka ji ƙauri. A cikinta akwai makin ɗalibai na duk azuzuwa, da jerin waɗanda za su zauna BEPC tare da ranakun haihuwarsu, aikin da na yi makonni ina bugawa da yatsa biyu. Darakta ya dube ni ya ce, "Mushe, kai ne ka san kan abin nan, sai ka san yadda za ka yi." Ni kuwa lissafi nake koyarwa.

Na ɗora ta a babur na kai wa wani mai gyara. Ya buɗe, ya ce babban allon da ke ciki, wanda suke kira kart mer, ya ƙone, amma rumbun ajiya, wato disk dur, lafiyarsa lau. Ya cire shi ya sa cikin wata kwamfuta. Alamar Windows ta fito, sai fuska ta koma shuɗiya, ta mutu, ta sake tashi, ta sake mutuwa. Ya ce, "Malam, Windows ɗin ya lalace, sai an formate." Na ce, makin yara fa? Ya ce, "Ai dai za ta tashi."

Ba ƙarya ya yi ba, za ta tashi. Amma ni ba tashinta ne ya kawo ni ba, kuma a nan nake ganin mu malamai da iyaye muke yin sake. Muna ɗaukar ƙarfen shi ne dukiya, saboda shi muka biya kuɗi muka saya. Abin da ke ciki, da ba a sayo shi a kasuwa ba, sai mu bari a share shi da kalma ɗaya.

Shuɗiyar fuska ba ta nufin takardu sun tafi. Ranar da aka girka Windows, yana daidaita kansa ne da kayan kwamfutar da ya tarar. In aka kai rumbun wani gida, sai ya farka bai gane kowa ba. Mafi yawa matsalar tana wajen yadda allon ke magana da rumbun: a cikin BIOS akwai zaɓi tsakanin IDE da AHCI, wasu har da RAID, kuma in zaɓin sabuwar kwamfutar ya saɓa wa na tsohuwar, Windows 7 kan tsaya da lambar da ke ƙarewa da 7B. Windows 10 ya fi haƙuri, sau da yawa yana gyara kansa, amma shi ma yana faɗuwa. Akwai kuma rumbun da aka tsara da tsohon tsari na MBR aka kai shi kwamfutar da aka saita ta tashi da UEFI kawai. Wannan ko alamar Windows ba za ka gani ba, za ta ce babu abin tashi. Duk waɗannan ƙofa ce ta ƙi buɗuwa, hatsin yana nan yadda aka zuba shi.

Abin da na roƙe shi ya yi ba shi da wuya. Kada ya tayar da kwamfuta daga rumbunmu. Ya tayar da tasa da nata Windows, ya haɗa namu a matsayin baƙo da wayar nan mai kan SATA a gefe ɗaya, USB a ɗaya gefen. Da farko bai motsa ba, don rumbun kwamfutar tebur mai inci 3.5 yana buƙatar wuta ta volt 12 daga waje, USB kuwa volt 5 take bayarwa. Ƙaramin na portabul mai inci 2.5 ne ke wadatuwa da ita. Da ya samo masa wuta sai ga shi ya bayyana. Windows ya ce ba mu da izinin buɗe jakar mai amfani, muka danna ci gaba, muka jira. Cikin rabin awa makin yara suna kan kile ɗina.

Abu biyu ne nake so kowa ya riƙe ko bai san komai ba game da kwamfuta. In ƙaramin akwati ya fito yana tambayar ko a formate rumbun kafin a yi amfani da shi, amsar ita ce a'a, a rufe shi. In kuma aka ji rumbun yana ƙas-ƙas kamar agogon bango, a kashe nan take, domin wannan ciwo ne na ƙarfe, kuma kowane kunnawa ƙara shi yake.

Ba na ɗora wa masu gyara laifin duka. Mutum yana zaune cikin ƙura da zafi, za a biya shi jika biyu ko uku, mai kaya yana tsaye a kansa yana cewa gobe da safe yake so. Formate ya fi sauri, ya saba da shi, kuma kowa zai ga kwamfuta ta tashi ya yi godiya. Kwashe takardu kuwa yana cin lokaci, ba mai biyan kuɗinsa. In muna so a daina share mana aiki, sai mu faɗa da baki tun a ƙofa cewa takardun muka zo nema, mu kuma yarda mu biya ladan wannan aikin daban. Ni na ƙara masa, kuma ban yi nadama ba.

Iyaye, ku ma abin ya shafe ku, musamman masu saya wa ƴaƴansu portabul don jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi. Sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da kulle na BitLocker, wanda ke ɗaure rumbun da wani ɗan guntu mai suna TPM a jikin allon. In allon ya mutu aka cire rumbun, dabarar da ta cece ni ba za ta yi aiki ba, sai an kawo mabuɗi mai lambobi 48. Mabuɗin yakan kasance a asusun Microsoft da aka buɗe kwamfutar da shi, kuma a wajenmu sau nawa mai shago ne ke buɗe asusun da adireshin da yaron bai ma sani ba? Yaro ya shekara yana rubuta kundin kammala karatu, rana ɗaya ya rasa shi saboda lambar da ba wanda ya gaya masa tana nan. Ku sa shi ya nemo ta tun kwamfutar na da rai, ya rubuta a takarda, ku ajiye tare da takardar haihuwarsa.

A makarantarmu na kai maganar taron malamai. Wasu sun ce a koma rajista da biro kawai, su ba sa ƙonewa in an kawo wuta. Ban yi musu sosai ba, ko da yake na taɓa ganin abin da gara ta yi wa rajistar shekara uku. Mun tsaya a kan cewa duk Juma'a kafin a tafi masallaci zan kwafe makin a kile biyu, ɗaya a aljihun tebur na darakta, ɗaya a gidana, kuma duk ƙarshen zango a buga a takarda. Tsohon rumbun yana cikin kabad, na naɗe shi da leda na rubuta a jiki: kada a formate.