Rancen Jari A Ƙauye: Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya



Tun da damina ta kankama, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa a wannan zaure namu: ina za a samu rancen jari? Wani na taki yake nema, wani na sarin gyaɗa ga mahaifiyarsa mai ƙuli-ƙuli, wani kuma injin niƙan gidansu ne ya tsaya. Amsar da muke ba juna kuwa ba ta canzawa. Sai wani ya turo adireshin intanet ya ce a cike fom a jira. Mun cike, mun jira. Bara ma har gida aka bi mu. Wani mutum ya sauka a garinmu da jaka cike da takardu, ya karɓi naira 2,000 kuɗin fom da lambar BVN a hannun iyayenmu mata, ya ce bashin gwamnati ne ke tafe. Har yau ba a sake ganin ƙeyarsa ba.

Ra'ayinmu shi ne, rancen da zai ɗaga ƙaramar sana'a a ƙauye daga cikin gari yake farawa, kuma babban abin da ke tare shi halinmu ne na ƙin rubuta bashi da ƙin biyansa. Mun san maganar ba za ta yi wa wasu daɗi ba, amma a saurare mu zuwa ƙarshe.

Mu fara da abin da muke jira. Gwamnati ta daɗe tana gwada kai bashi ƙauye. A 1989 aka kafa People's Bank don talakan da ba shi da abin jingina. A 1990 aka fara bankunan al'umma. A 2005 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da tsarin ƙananan bankuna, waɗanda muke kira maikurofainans, aka ce bankunan al'umma su koma ƙarƙashinsa. A watan Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Jihar Kebbi don manoman shinkafa da alkama. A 2018 aka zo da TraderMoni mai naira 10,000. Kowanne ya zo da kiɗinsa, wasu sun amfana, ba mu musa ba. To amma wane suna muka raɗa wa kuɗin? "Rabonmu." Wanda ya biya ma dariya aka riƙa yi masa a majalisa, wai ya mayar wa gwamnati kuɗinta. Labarin rashin biyan bashin noma ya cika jaridu, kuma duk mai kuɗin da ya karanta ya ɗauki darasi: a kai bashi ƙauye sai an shirya asara. Mu muka koya masa.

Kafin na Abuja ya iso, talaka ba ya zama haka nan. Yana zuwa wurin mai kuɗin gari ya ci falle, wato ya karɓi kuɗi da damina a kan zai biya da buhu idan kaka ta yi. Mu ɗauki misali. Mutum ya karɓi naira 20,000 a watan Yuli a kan buhun masara ɗaya. Kaka ta yi, buhun ya kama 40,000 a kasuwa. Cikin wata huɗu ya biya ninki, kuma hatsin da ya bayar shi zai dawo ya saya da tsada a bazara mai zuwa, watakila a hannun mutumin nan da ya ba shi bashin. Idan shekara ta ƙi, sai a kai ga jinginar da gona. Ba mu ce duk mai ba da irin wannan bashi azzalumi ba ne. Sau da yawa shi kaɗai ne ƙofar da ke buɗe da tsakar dare in haihuwa ta zo da gardama. Amma sana'ar da aka kafa a kan falle, mai ita ɗan ƙodago ne kawai, ribar ta wani ce.

Sai adashe, wanda iyayenmu mata suka riƙe gidaje da shi tun kafin a haife mu. Albarkarsa a fili take: ba ruwa, ba fom, ba tafiya birni. Amma yana da gurɓi uku. Kwasa tana zuwa ne ranar da layi ya zo kanka, ko buƙatarka ta zo ko ba ta zo ba. Mai son taki a watan Yuni sai ta kwasa a Disamba. Na ƙarshe a layi kuma tsadar kaya ta riga ta cinye masa wani kaso na zubinsa. Na ukun shi ne wanda kowa a nan ya taɓa gani: wanda ya kwasa da wuri ya fara wasan ɓuya, uwar adashe ta shiga uku, zumunci ya lalace.

Maganin waɗannan gurabe ba daga Turai ya taso ba. A 1991, a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, ƙungiyar CARE ta fara wani tsari da matan karkara da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Daga adashen da matan suka saba aka ɗauko shi, aka gyara. Yau ƙasashe da dama a Afirka da Asiya suna amfani da shi. Abin da aka fara da Hausa, a ƙasar Hausa, ga shi mu da ke maƙwabtaka da yawanmu ba mu san yadda yake tafiya ba.

Ga yadda aka fi gudanar da shi. Mutum 15 zuwa 30 da suka san juna suke haɗuwa, su zaɓi shugaba da magatakarda da masu ƙirga kuɗi. Suna zama duk mako. Ana yanke kuɗin zubi ɗaya, kowa ya zuba daga ɗaya zuwa biyar gwargwadon ƙarfinsa, a buga masa a ɗan littafinsa. Kuɗin yana cikin akwati mai kwaɗo uku, mabuɗan suna hannun mutum uku daban, akwatin yana ɗakin na huɗu. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Mai buƙata ya tashi a taro ya faɗi abin da zai yi da kuɗin, a ba shi rance da bai wuce ninki uku na abin da ya tara ba, ya biya cikin kamar wata uku. Akwai ɗan asusun gefe na rashin lafiya da rasuwa. Idan shekara ta zagayo a fasa akwati, kowa ya ɗauki nasa gwargwadon zubinsa, a sake sabon zagaye.

Dubi abin da ya canza. Rance yana fita ne lokacin da buƙata ta zo. Babu mutum ɗaya da zai iya gudu da kuɗin jama'a. Wanda ya ci bashi kuma ya san kuɗin maƙwabciyarsa ne, da ita za su haɗu a bakin rijiya gobe da safe. Abin jinginar da banki ke nema a wurin ɗan ƙauye ya rasa, a nan mutuncinsa ne, kuma ya fi takardar fili tsada a wurin wanda ya san darajarsa.

Mun san tambayar da ke bakin da yawa: ina batun kuɗin ruwa? Tambaya ce mai nauyi, ba za mu tsallake ta ba. Ƙungiyoyi da yawa masu wannan tsari suna ɗora wani ƙari a kan rance, kuma Musulmi yana da hujjar ƙin shiga. Amma ƙarin ba shi ne ginshiƙin tsarin ba. Ƙungiya tana iya sayen buhun gyaɗar da kanta ta sayar wa mai ƙuli-ƙuli bashi da ribar da aka yi ciniki a kai tun farko. Tana iya sayen rago ta ba mai kiwo, a raba riba bayan Babbar Sallah. Tana iya ba da rance tsurarsa, a biya yadda aka karɓa. Irin wannan ciniki ne bankunan da ba sa mu'amala da ruwa suke yi, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019. A zauna da malamin gari a tsara dokokin tun ranar farko. Mu kuma tuna cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Mu da muke jin kunyar ce wa ɗan uwa "zo mu rubuta", wai kada ya ga ba a yarda da shi ba, kunyar nan ce ta raba gidaje da yawa.

Wasu za su ce kuɗin akwati bai taka kara ya karya ba, ba zai sayi injin ban ruwa ko injin casa ba. Gaskiya ne. Amma akwatin matakin farko ne na tsani. Ƙungiyar da ta yi shekara biyu tana zubi da biya, da littafinta a hannu, tana iya yin rajista a matsayin ƙungiyar gama kai a ofishin da ke kula da su a jiharta, ta buɗe asusu da sunanta, sannan ta tunkari Bankin Manoma ko ƙaramin banki. Littafin nan shi ne shaidarta. Mai ba da bashi ya fi sakin jiki da mutum 25 da suka tsaya wa juna kuma aka ga tarihin biyansu, a kan mutum ɗaya da ya zo da hoton fasfo da rantsuwa.

Wasu kuma za su kawo batun tsaro, cewa akwatin kuɗi a ɗaki kiran ɓarawo ne, balle a garuruwan da 'yan bindiga suka addaba. Wannan ma gaskiya ne. Shi ya sa ba a barin kuɗi su kwanta: yawancinsu suna hannun masu rance, ragowar a tura asusun ƙungiya ta wurin mai POS ranar kasuwa, da sa hannun mutum biyu ko uku kafin a cire.

Idan an kai matakin ƙaramin banki, kada murna ta hana tambaya. Na farko, yana da lasisin Babban Banki, kuma hukumar NDIC ta tsaya wa ajiyar da ke cikinsa? A 2023 kaɗai an soke lasisin ƙananan bankuna sama da 100, don haka allon ƙofa ba shaida ba ne. Na biyu, jimillar nawa za a biya daga farko zuwa ƙarshe, har da kuɗin fom da na inshora da abin da za a riƙe a matsayin ajiyar dole? Idan aka ce maka kashi 5 cikin 100 a wata a kan naira 100,000 na wata shida, ƙarin 30,000 ke nan. Amma in kana rage uwar kuɗin duk wata su kuma suna lissafi a kan 100,000 ɗin farko, abin da kake biya a kan kuɗin da ya rage a hannunka ya haura kashi 8. Na uku, yaushe biya zai fara? Bashin da ake biya duk mako ya dace da mai ƙosai da mai shago, masu ganin ciniki kullum. Manomin da kuɗinsa ke cikin ƙasa har wata huɗu, in ya karɓi irin wannan, akuyar matarsa zai sayar ya biya zubin farko. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi kafin ya samo maka bashi, ko manhajar waya da ta nemi shiga lambobin mutanenka, a yi nesa da su.

Yanzu mu dawo kanmu, mu 'yan wannan zaure da yawancinmu ke birni muna riƙe da manyan wayoyi. Me muka yi wa gida ban da tura adireshin fom? Kwaɗo uku da akwatin ƙarfe da littattafai 25 ba su kai kuɗin datar da wasunmu ke ƙonawa a wata ba. A cikinmu akwai malaman makaranta da ma'aikatan banki da za su iya zama da iyayenmu mata yini ɗaya su nuna wa magatakarda yadda ake riƙe littafi. Sharaɗi ɗaya ne: kada mu zuba musu kuɗi masu yawa daga waje tun farko. Da zarar an ji cewa kuɗin 'yan birni ne, ya koma "rabonmu", kuma mun san ƙarshen wannan labari. A bar su su tara nasu, mu namu taimakon ya tsaya ga kayan aiki da koyarwa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan wuya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wasunmu a nan ana bin su kuɗin adashen da suka kwasa tun shekara biyu, wasu na taki, wasu na ɗan uwan da ya ji kunyar tambaya. Duk wanda ya riƙe irin wannan kuɗi alhali yana da halin biya, ya sani ba mutum ɗaya ya cuta ba. Ya rufe ƙofa ga mai ƙuli-ƙulin da za ta zo neman rance bayansa a ce mata an daina. Kafin Juma'a mai zuwa, a kira mai kuɗin, ko rabi ne a miƙa, a sa ranar cikon a rubuce.

Masu irin wannan ƙungiya a garuruwansu, muna roƙon ku faɗa mana yadda kuka tsara taku, musamman yadda kuka warware batun ƙari da abin da kuke yi wa wanda ya kasa biya saboda rashin lafiya ko gobara. Masu son farawa kuma su ambaci unguwarsu, a ga ko za a samu mutum 15.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, ya sa albarka a daminar bana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.