Zauren Yara: Yadda Ake Zana Zaki Da Ƙwai Biyu Da Faifai

Idan aka yi hutun makaranta, yaranmu da yawa a shago suke wuni, ko a Zangon Kumasi ne ko a Briqueterie ta Yawunde. Ciniki na ja baya, sai a miƙa wa yaro waya don ya yi shiru. Alhali ga kwalin kaya nan zube, ga biro. Yau mun zo da abin da zai riƙe hannunsa da hankalinsa: zanen manyan dawa.

Abin da ke karya gwiwar yaro shi ne farawa daga ido ko haƙori. Kafin ya kai ga jiki takarda ta ƙare, zaki ya koma kare. Masu zane sukan fara ne da manyan siffofi, ƙananan su biyo baya.

A ce masa ya zana ƙwai biyu a kwance, da 'yar tazara a tsakani. Na gaba shi ne ƙirji, ya fi girma, na baya kuma ƙugu. Ya haɗa su da layi biyu: na sama gadon baya, na ƙasa ciki, ya ɗan tsuke shi wajen ƙugu. Sai da'ira a gaban ƙirji, ita ce kai. Kada ya ɗaga ta sama sosai, domin zaki in yana tafiya kansa kusan daidai yake da bayansa. A jikin da'irar ya ƙara ɗan akwati na baki, ya ɗora hanci mai kusurwa uku, tsinin yana kallon ƙasa. Kunnuwa kewayayyu ne, ba masu tsini irin na mage ba, ƙwayar idon ma kewayayya ce.

Ƙafafu ne inda aka fi tuntuɓe. Na gaba a miƙe suke kamar taɓarya. Na baya suna da lanƙwasa, kuma wannan gaɓar da ake zaton gwiwa ce ta juya baya, dunduniya ce, don zaki a kan yatsunsa yake takawa. Kada a fito da farata, a ɓoye suke in yana tafiya. Wutsiya doguwa ce mai baƙin tuntu a ƙarshe, kuma duk dangin mage zaki kaɗai ke da shi.

Geza ita ce ta ƙarshe: faifai kewaye da kai, ya sauko har kafaɗa. In aka bar ta, an sami zakanya. A nan za ku iya ƙara wa yaro sani: zakunan yankinmu, irin na gandun Waza a arewacin Kamaru da gandun W da ya ratsa Nijar, Benin da Burkina Faso, gezarsu ba ta kai ta zakunan kudancin Afirka cika ba. Sun kuma yi ƙaranci ƙwarai, har a 2015 aka sa na Afirka ta Yamma cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa.

Akwai iyayen da ba sa son zanen mai rai, kuma wannan hurumin kowane gida ne. Dabarar dai ba ta canjawa: tirela akwatuna ce da da'ira, buta ƙwai ce mai wuya da hanci.

Kada ku raina wannan wasa. Allon da ke saman shagonku da zanen jikin motar da ke kawo muku kaya, wani ne ya yi, kuma sai da aka biya shi. Tela mai yankan riga da mai tsara ɗinkin hula duk da irin wannan idon suke cin abinci.

Sai roƙo ɗaya: in yaro ya kawo muku zakinsa na farko, ko da ya fi kama da tunkiya, kada a yi masa dariya a gaban masu sayayya. Ku tambaye shi ina ƙirji, ina ƙugu, ku ba shi wani kwalin ya sake. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai mako mai zuwa.