Mai Zane Da Sunansa

Mu da muka fito daga ƙasar Kazaure, babu wanda bai san allon zayyana ba. In yaro ya sauke Alƙur'ani, akan kai allo wurin gwani ya ƙawata shi da ja da kore da rawaya, a zaga da shi gidajen dangi ana samun tukwici. To, amma a cikinmu wa ya riƙe sunan wanda ya zayyana allonsa? Haka masu zanen ƙwarya, haka maɗinkan aska takwas. Cikin maginan dauri ma, in ban da Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya, da ƙyar mu kawo sunan wani.

Abin da ya jawo wannan magana labarin wani mai zane ne na ƙasar Ostareliya, Albert Namatjira, daga cikin mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. An haife shi a 1902 a Hermannsburg, wani zango na mishan a tsakiyar hamada. Da fari jan raƙuma yake yi. A 1936 ya yi wa wani Bature, Rex Battarbee, jagora cikin daji, ladansa kuwa a koya masa zane da launin ruwa. A 1938 aka baje aikinsa a birnin Melbourne, aka saye sarai. A 1954 har aka gabatar da shi ga Sarauniyar Ingila.

Sunansa dai bai ɓace ba, don yana rubuta shi a gindin aikinsa. Amma ku ji sauran. Ya nemi gina gida a garin Alice Springs, aka hana shi. Sai a 1957 aka ba shi 'yancin ɗan ƙasa, a ƙasar kakanninsa! Ya rasu a 1959. A 1983 hukumar da ke riƙon gadonsa ta sayar wa wani kamfani ikon buga zane-zanensa a kan dala 8,500, jikokinsa suna gani ana cin kasuwa da hannun kakansu. Sai a 2017 aka mayar musu. Da babu sunan nan a gindin takarda, da me za su kafa hujja?

Mun sani akwai iyaye da malamai da ke ƙyamar darasin zane saboda hanin suranta mai rai, ba kuwa za mu yi jayayya da su ba. Sai dai yawancin aikin mutumin nan duwatsu ne, da itatuwa, da busassun rafuka, watau ƙasarsu kamar yadda Allah ya shimfiɗa ta. Mu ma ga duwatsun Roni, ga kukoki, ga fadamu.

Saboda haka muna roƙon 'yan'uwanmu, wanda aka tura Babura ko Gwiwa kada ya sa yara su yi ta kwaikwayon jirgin ruwan da ke cikin littafi, alhali ba su taɓa ganin teku ba. Ya fita da su bayan gari su zana abin da ke gabansu. Kowane yaro ya sa sunansa da na garinsu a ƙasa, da boko ko da ajami. In kuwa wani baƙo ya gani yana so, to, yaron za a tambaya, kuɗin kuma a hannunsa za a sa.