Filin Jirgin Sama Na Zariya: Kallo Namu, Tuƙi Nasu

Jama'a, duk wanda ya taɓa bin hanyar Samaru daga Kwangila ya san filin jirgin saman nan da ke Palladan. Mutanen Hanwa da na Sabon Gari kuwa ba sai an gaya musu ba, domin ƙananan jiragensa a kan rufin ɗakunansu su ke shawagi. To, yau muna so mu tambayi mahukunta: filin nan na wa ne?

A 1964 aka kafa makarantar koyon aikin jirgin sama a wurin, da kuɗin Gwamnatin Tarayya da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Nufin shi ne ƙasar da ta sami 'yancin kai a 1960 ta daina dogara ga Turawa wajen matuƙa da makanikai da masu ba jirage hanya daga hasumiya. Wannan niyya ce mai kyau, ba mu ƙi ta ba. An kuwa ci amfaninta. A nan Chinyere Kalu ta koyi tuƙi, ta zama mace ta farko a Nijeriya da ta sami lasin na tuƙin jirgin haya, har a 2011 aka ba ta shugabancin makarantar.

Filin ƙarami ne. Titinsa ɗaya, tsawonsa mita 1,646, watau bai isa manyan jiragen fasinja ba. Bazazzagin da zai tafi Makka ko Ikko ta sama sai ya nemi Kaduna ko Kano. Aikin filin koyarwa ne kurum. Ɗalibi zai fara da karatun aji, na iska da gajimare da inji da dokokin sama. Sa'an nan ya hau tare da malaminsa, su tashi, su kewayo, su sauka, su sake tashi, har ran da malam zai fita ya bar shi ya tashi shi kaɗai. Kafin ya sami lasin na haya sai ya tara awa 150 zuwa 200 a sama. In hazon hunturu ya rufe gari, sai jirage su kwanta a rumfa, ɗalibi ya zauna jira. Tsofaffin jiragen Tampico kuma wani fetur na musamman su ke sha, mai tsada, wanda sai an yi odarsa daga waje, shi ya sa aka koma sayen ƙirar Diamond masu shan kananzir ɗin jirgi.

Mun san duk wannan kuɗi ya ke ci. Amma ku zo mu yi lissafi, ni aikina ke nan. Wajen 2015 kuɗin koyon tuƙi naira miliyan 7 da rabi ne. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne a wata, watau 216,000 a shekara. Masinja ko lebura sai ya yi shekara 34 da 'yan watanni yana aiki, bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, kafin ya kai ɗansa guda ɗaya. Tun daga nan kuwa kuɗin hawa ya ke yi, bai taɓa sauka ba. Mai sayar da tumatir a kasuwar Sabon Gari, kwando nawa ke nan?

Za su ce ai gwamnatocin jihohi su kan biya wa wasu. Haka ne. To, a ina a ke liƙa sanarwar? Wa ya ke zaɓe, da wane ma'auni? Yaron talaka ya ci Turanci da Lissafi da Fiziks, lafiyarsa lau, idonsa garau, amma ba shi da kawu a ofis. Harajin ubansa ne ya shimfiɗa titin, ƙarar injin a kunnen uwarsa ta ke ƙarewa, tuƙi kuma na ɗan wane da wane. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Ga kuma wata. A 2023 aka ji an sayar da jiragen makarantar guda biyu masu saukar ungulu, ƙirar Bell, har wani kwamitin Majalisar Wakilai ya shiga bincike. Kayan da aka saya da dukiyar jama'a don a koya wa 'ya'yan jama'a, bai kamata jama'a su fara jin labarin cinikinsu a bakin 'yan jarida ba. Ko ɗan tireda in zai sayar da sikelin shagon maigidansa, ya kan yi shawara tukuna.

Kada wani ya juya mana magana, ya ce muna so a rufe filin ko a ɗauke shi daga Zariya. Sam! Muna so a ƙara tsawon titin, a gyara shi. Amma kowace jiha ta buga yawan gurbin da za ta biya a shekara, a yi jarrabawa a fili, a karanta sunayen waɗanda suka ci a rediyo da Hausa, tare da ƙaramar hukumar kowa. Ku kuma 'yan'uwa, ran da ɗan majalisarku ya shigo kasuwa neman ƙuri'a, ku tsayar da shi, ku tambaye shi yara nawa daga mazaɓarsa aka kai Palladan, kuma 'ya'yan wa ne.