Kunnen likita ma ya shiga kasuwa

Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya asibitin gwamnati a ƙasar nan ya san yadda abin yake. Tsoho ya sayar da akuya ya biya kuɗin mota, ya baro ƙauye tun da asuba, ya yanki tikiti, ya zauna bisa banci har rana ta take tsaka. Da aka kira shi, bai ƙare gaisuwa ba alƙalami ya soma tafiya. Ba a taɓa cikinsa ba, ba a tambaye shi yaushe ciwon ya fara ba. Aka miƙa masa ordonansi da Faransancin da bai iya karantawa, aka ce na baya ya shigo. Wuni guda yana jira, ganawar kuwa ba ta kai tsawon alwala ba.

Wannan kuka ba na jiya ba ne. Tun a 2003 wasu masana biyu, Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, suka jagoranci littafi a kan gidajen likita na manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai. Abin da suka gano kowace mai tuyar ƙosai a bakin asibiti ta riga su sani: mai sanayya a ciki shi ake tarba da fara'a, wanda bai san kowa ba kuwa tamkar inuwa yake.

Likitoci suna da hanzarinsu, kuma ba ƙarya suka faɗa ba. Sun yi kaɗan. Ƙidayar 1988 ta samu mutum miliyan 7 da ɗoriya a Nijar, ta 2012 ta samu fiye da miliyan 17, ɗaukar ma'aikata kuwa tafiyar hawainiya ta yi tun zamanin tsuke bakin aljihu da Bankin Duniya da FMI suka gindaya. Kaɗan ɗin da ake da su ma, mafi yawa a Yamai suka taru. Shirin Bamako na 1987 ya ɗora wa majinyaci wani ɓangare na kuɗin magani, karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka farashin abin da ake shigowa da shi. A 2006 aka shelanta magani kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon masu juna biyu, sannan gwamnati ta yi shekaru ba ta biyan gidajen likita bashin wannan kyautar a kan kari. Wanda aka jibge wa layi har bakin ƙofa, babu kayan aiki, ba mamaki idan ya gaji.

To, amma akwai tambayar da hanzarin bai amsa ba. Me ya sa wani likitan da bai ɗaga kai da safe ba, idan aka same shi da la'asar a kilinik mai zaman kansa, sai ya miƙe ya ba da kujera, ya tambayi iyali, ya sa abin sauraron ƙirji, ya yi bayani da Hausa tsantsa? Mutum ɗaya ne, ilimi ɗaya ne. Jikunan da aka ajiye wurin mai karɓar kuɗi su suka buɗe kunnen. Ke nan lokacin yana nan, farashi aka sa masa. Albashin safe kuwa daga harajin wancan tsoho aka biya shi.

Ɗan kasuwa da ma'aikaci kada su yi saurin wanke hannu. Alhajin da ya buga wa majo waya aka shigar da matarsa ta ƙofar baya, da daraktan da ya aiko direba da ƴar takarda, daga rabon waɗanda ke bisa banci suka yanka. Manya kuwa ba su ma san bancin ba: ciwon kai ya kama su, sai jirgi zuwa Tunis, Maroko ko Faransa, wasu da kuɗin baitulmali. A Abuja, a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga kiwon lafiya. Wanda ba a nan yake jinya ba, me zai tuna masa?

Talakan da aka kora da takarda mai magani shida, wadda ta fi ƙarfin aljihunsa, wurin mai tallar ƙwayoyi a tasha yake ƙarewa. Shi dai wannan, ko ba komai, yana saurare har a gama. Haka hawan jini ke zama shanyewar jiki, ciwon suga ya kai ga yanke ƙafa, don ba a samu mai bayyana cewa maganin na har abada ba ne.

Masu tausayi suna nan, kuma jama'a ta san su. Akwai ƴan infirmiye a ƙauyuka da ake buga wa ƙofa tsakar dare su tashi ba tare da ɓata rai ba. Asibitin mishan na Galmi, a jahar Tawa, tun 1950 yake aiki, mutane na tsallake garuruwa masu asibiti, wasu daga Najeriya, su je su kwana a bakinsa. Sunan likitan kirki yawo yake baki-baki a kasuwa da masallaci, kamar labarin rijiya mai ruwa a shekarar fari.

Jami'o'in Yamai, Maraɗi da Damagaram suna horar da likitoci. Ma'aikatar kiwon lafiya ta ɗauke su, ta tura su jahohi da alawus mai tsayar da mutum, ta kuma rubuta a ƙofar kowane ofis sa'o'in da likitan gwamnati ya wajaba ya kasance a kujerarsa, yadda mai jira zai iya ƙirgawa da kansa.